Bayan Tara

Duk yaron da ya yi makaranta a unguwar nan ya taɓa sa ɗinkin Tela. Ita ke yi wa makarantu uku yunifom, har da babbar sakandaren da ke bayan tashar mota. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai aski. Keken ɗinki biyu ne a ciki, ɗaya na aiki, ɗayan ya daɗe da zama teburin tara ƙyallaye. Akwai dutsen guga, akwai bencin masu jira, sai wani ƙaton gwangwanin madara cike da maɓallai.

Ba mace ce mai fara'a ba, kuma ba ta taɓa cewa ita mai fara'a ce ba. A keken aro ta koyi ɗinki. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, keken ne ya ci gaba da riƙe gidan. Mazan biyu suka girma suka tafi neman nasu a wasu garuruwa, ya rage daga ita sai 'yarta Auta. Tela kan dubi yaro sau ɗaya ta faɗi faɗin kafaɗarsa ba tare da ta taɓa tef ba. Kowane wando sai ta ƙara masa tsawo ta kalmashe a ciki. In uwar yaro ta yi ƙorafi sai ta ce, "Girma zai yi, ba raguwa ba. Baɗi ki warware ki gode mini."

Aiki ɗaya ne ta tsana, sa maɓalli. Keke ba ya yi, sai da hannu, ga shi idonta ya fara rauni. Kafin ta zura zare a allura ta yi tsaki ya fi a ƙirga.

Shekarar da Auta ta shiga aji biyu na babbar sakandare, abu biyu suka haɗu. Yarinyar da ke taya Tela aiki ta buɗe nata shagon, sannan makarantar su Auta ta canza launin yunifom, aka ce kowa ya sake sabo. Riguna suka taru har kan benci, duk an ɗinke, ba maɓalli ko ɗaya. Iyaye na zuwa suna tsayawa a ƙofa suna huci.

Wata safiya Auta ta gama shiri ta rataya jaka, Tela ta ce, "Auta, yau ɗaya. Zauna ki sa mini maɓallan nan, in an fita tara sai ki shiga."

Tara shi ne ɗan hutun da ake ba ɗalibai da hantsi su ci abinci. Lokacin ƙofar makaranta a buɗe take, mai latti kan saje da masu komawa aji.

Auta ta ajiye jaka ta ɗauki gwangwani. Hannunta na da sauri, maɓallinta kuma ba ya tsinkewa. Washegari ma aka ce yau ɗaya. Da aikin sakandare ya ƙare, na firamare ya shigo, bayansa kayan wasanni. Tela ba ta taɓa cewa an daina zuwa makaranta ba. Kullum yau ɗaya ce, har shekara ta ƙare.

Abin da Tela ba ta tambaya ba shi ne wane darasi ake yi kafin tara. Lissafi ne da fiziks. Sauran darussa duk bayan tara suke. Saboda haka sakamakon Auta na wannan shekara ya fito kamar riga mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere. A kemistiri da bayoloji ba mai kamo ta, a lissafi kuwa tana can ƙasa tare da 'yan bayan aji. Abokan karatunta suka laƙaba mata suna Bayan Tara.

Malamin lissafi, wani siriri mai gilashi, ya taɓa takowa har shago a tsakiyar shekarar. Ya tarar da iyaye mata biyu a kan benci suna jiran kaya, Auta na zaune a ƙasa da gwangwani a cinya.

"Mama, na zo ne a kan yarinyar nan," in ji shi. "Tana da kai, amma ba na ganinta a ajina. Lafiya?"

Tela ta dubi matan da ke kan benci. Ta tuna cewa shugabar makarantar ce ke ba ta aikin nan, kuma in labari ya kai mata cewa Tela na hana ɗalibarta zuwa aji don ɗinka kayan makarantar, aikin ya tafi ke nan. Sai ta yi dariya, ita da ba ta cika dariya ba.

"Malam, barci ne da ita. In ta kwanta sai ka ce allura aka yi mata. Na yi faɗan har na gaji."

Matan suka taya ta dariya. Malamin ya juya ga Auta. "Haka ne?"

Auta ba ta ɗaga kai daga rigar da ke hannunta ba. "Haka ne, Malam."

Da ya tafi, Tela ta taka kekenta, Auta ta ci gaba da maɓallinta. Ba wadda ta ƙara ta da maganar.

Shekarar da ta biyo baya Tela ta ɗauki 'yan koyo biyu, Auta ta koma zuwa makaranta da wuri. Ta zauna ta bi littafin lissafin aji biyu ita kaɗai daga farko har ƙarshe, makinta ya farfaɗo, jarrabawar ƙarshe ta yi kyau. Tela ta ɗauka an wuce wurin.

Sai dai jami'ar da Auta ta ƙwallafa wa rai ita ce wadda kowa ke rububi, kuma fannin haɗa magunguna take so, inda gurbi ya fi ƙaranci. Su ba jarrabawar ƙarshe kaɗai suke dubawa ba. Suna duba makin shekaru ukun ƙarshe gaba ɗaya, su nemi shaidar malamin aji, wanda a ajin su Auta malamin lissafin nan ne. Masu maki lafiyayye aka ɗauke su kai tsaye, marasa shi aka sallame su. Irin su Auta da ke tsakiya aka ce su zo ganawa, kowa ya yi bayani da bakinsa.

Ƙanin Tela direban tasi ne, Auta na ce masa Kawu. Bai wuce firamare ba, amma ya ce ya ɗauki malaman jami'a a motarsa da yawa, ya san yadda suke tambaya. Wata la'asar ya zo shago ya ɗauki gilashin Tela ya ɗora a ƙarshen hanci, ya harɗe ƙafa a kan benci.

"To, 'yar takara, tsaya nan. Daina murɗa yatsu, ba sata kika yi ba. Me ya sa kike son haɗa magunguna? Ko so kike ki ƙarasa marasa lafiya?"

Auta ta yi dariya ta ba da amsa tiryan-tiryan. Tela na kan keke tana ji da kunne ɗaya.

"Madalla. To mun duba mun ga a aji biyu lissafinki ya faɗa kwata. Me ya faru?"

"Sakaci ne, ranka ya daɗe. Barci ya yi mini yawa a shekarar, ina makara. Amma na gane kuskurena na gyara."

Kawu ya zare gilashin. "Barci? Ke? Ke da kike riga zakara tashi? Yaya, kin ji ƙaryar da 'yarki za ta je ta yi wa manya?"

Keken Tela ya tsaya. Amsar ta fito daga bakin Auta sumul, ba gargada, irin ta wanda ya daɗe yana maimaita abu. Tela ta dubi rigar da ke ƙarƙashin allura ta ga ta ɗinke bakin aljihun ruf.

"Kai dai ba ni gilashina," ta ce. "Ka zo ka cika mini shago da surutu."

Ranar ba ta iya cin abincin kirki ba. Da safe ta bar wa 'yan koyo shago ta nufi makarantar. Ta sha shiga harabar nan da ɗaurin kaya a ka, amma ba ta taɓa shiga ɗakin malamai ba. Ta tarar da malamin lissafi shi kaɗai yana duba littattafan yara, fanka na kaɗa takardu. Ya ba ta kujera, ta ƙi zama.

"Malam, ka tuna ranar da ka zo shagona?"

"Na tuna, Mama."

"Ƙarya na yi maka. Yarinyar nan ba ta barcin safe. Ni nake zaunar da ita tana sa mini maɓalli. Shekara guda. Na zo ne ka rubuta wa jami'a haka a shaidarka."

Malamin ya ajiye jan bironsa.

"Na riga na aika, tun makon jiya. Sun rufe karɓa."

"Me ka rubuta?"

"Abin da na sani. Na ce tana da ƙwaƙwalwa, amma ta yi shekara tana wasa da lokaci."

Tela ta dafa bayan kujerar da ta ƙi zama a kai.

"Mama, kin san sau nawa na sa ta wanke bayin ɗalibai saboda latti? Kin san na taɓa tsayar da ita gaban aji na ce su tafa wa sarauniyar barci? Ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ba."

"Ba ta faɗa mini ba."

"To wa za ta faɗa wa? Da kin gaya mini gaskiya a lokacin, da na riƙa zama da ita bayan an tashi. Ba ita ce ta farko da ke aiki kafin ta zo makaranta ba." Ya cire gilashi ya murza ido. "Zan gwada kiransu, amma kada ki sa rai. Yanzu abin da ya rage bakinta ne."

A hanyar komawa Tela ta wuce yara suna fitowa tara, duk cikin ɗinkinta. Idonta bai sauka a kan komai ba sai maɓallan ƙirjinsu.

Ta sami Auta a gida tana wanke-wanke a tsakar gida. Ba ta yi wani kewaye-kewaye ba, don ba ta iya ba.

"Na je wurin malaminku. Na faɗa masa."

Auta ta tsaya da kwano a hannu. "Kin faɗa masa me, Mama?"

"Abin da ya faru. Ke ma in kin shiga ganawar nan, shi za ki faɗa. Ki ce uwarki ce ta hana ki."

"Ba zan faɗa ba."

"Za ki faɗa."

"In je gaban baƙi in tsinka ki? Su ce wace irin uwa ce wannan?"

"Su ce mana. Sun san ni ne? Ni da na tsinka ki gaban malaminki da matan unguwa, kin ga na ji kunya? Malalaciya ba za su ba ta gurbi ba, Auta. Ga ɗaruruwan yara a layi da ba su taɓa makara ba."

"Ai ya wuce."

"Bai wuce ba, ga shi nan a takardarki. Wanke bayin ma da aka sa ki, sai yau na ji a bakin wani."

Auta ta ajiye kwanon da ƙarfi har ruwa ya fantsama. Tela ba ta taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Mama, aikin bai dame ni ba. Na ga yadda kayan suka taru, na san ba ki da kowa. Da kin tambaye ni ma da kaina zan zauna. Bayin ma ba komai ba ne. Dariyar da kika yi ce. Ina zaune a gabanki, yatsuna duk huda, kika yi dariya, su ma suka yi."

Tela ba ta saba ba da haƙuri ba. Abin da ya fito shi ne, "To ki faɗa musu har dariyar."

Auta ta ɗauki kwanonta ta ci gaba da wanki.

Ranar ganawa Kawu ne ya kai su. Tun daga gida yake zuba. "In sun tambaye ki wa ya koya miki magana, ki ce Kawunki. In kuma kin kwafsa, ki ce uwarki." Ba wadda ta yi dariya, sai ya kunna rediyo.

Aka zaunar da iyaye a wani dogon baranda mai kujerun roba. Tela ta zauna da jaka a cinya tana duban kayan mutane, don abin da ta iya dubawa ke nan. Wannan kwalarsa ta karkace, waccan an yi mata kalmasa da zaren da bai dace ba. Matar da ke kusa da ita ta ce ɗanta ciwo ya yi a aji biyu, har asibiti ya kwanta. "Taki fa?"

"Ni ce ciwon nata," in ji Tela. Matar ta gyara zama ta juya wajen wata.

Da Auta ta fito, ba ta tsaya ba, ta wuce kai tsaye wajen mota. Tela ta bi ta da sauri har ta cim mata a ƙarƙashin wata bishiya.

"Sun tambaya?"

"Sun tambaya. Su uku ne. Wata mai furfura ce ta karanto abin da Malam ya rubuta."

"Kika ce me?"

"Na ce ba barci ba ne. Na ce aiki nake yi da safe a shagon ɗinki. Ta ce wa ya sa ni, na ce mahaifiyata. Ta ce to me ya sa malamina ya rubuta haka, na ce abin da aka faɗa masa ke nan."

"Ta tambayi wa ya faɗa masa?"

"Ta tambaya."

"Kin faɗa?"

"Na faɗa."

Tela ce da kanta ta ce a faɗa, har da tsawa, amma da ta ji an faɗa sai abin ya soke ta. Ta hango mutum uku da ba ta taɓa gani ba suna kaɗa kai a kanta. Duk da haka ta ce, "Daidai ne. Sai me?"

"Sai ɗayan ya ba ni lissafi a allo. Biyu na yi, na ukun na kasa ƙarasawa. Na aji biyu ne."

Kawu ya leƙo ta tagar mota. "Ku shigo mana, ko a nan za ku yi digirin?"

Sakamako ya fito bayan 'yan makonni. An ɗauki Auta, amma ba a haɗa magunguna ba. Kemistiri aka ba ta, aka ce in lissafinta na shekarar farko ya yi kyau tana iya neman canji, in akwai gurbi. Kawu ya yi ta danna ham a ƙofar shago har mai aski ya fito da reza a hannu yana zagi. Auta ta yi murna, murna ta gaske, ko da yake Tela ta ga lokacin da ta sake duba sunan fannin.

Matan unguwa suka yi ta shigowa. "Tela, kin yi ƙoƙari. Mace ɗaya, ba miji, ga 'ya a babbar jami'a. Ke kika tsaya mata." Cikinsu har da ɗaya daga matan nan biyu na kan benci, wadda ta ƙara da cewa, "Ashe mai barcin nan za ta farka."

"Ba ta taɓa barci ba," in ji Tela, allura a baki. "Ni na zaunar da ita tana mini aiki, na yi mata ƙarya. Wandon ɗanki sai jibi."

Matar ta rasa inda za ta sa fuskarta, ta yi sallama ta fita.

Tafiyar Auta ta faɗo daidai da komawar makarantu. Shago ya sake cika, riguna har kan benci. Da safen ranar, ɗaya daga 'yan koyo ta aiko cewa ba ta da lafiya, ɗayar kuma ba ta iso ba. Auta ta shigo da akwatinta don jiran Kawu. Ta dubi tarin rigunan, ta dubi uwarta tana fama da zare a gaban allura, ido a ƙanƙance. Ba wanda ya sa ta. Ta ture ƙyallaye ta zauna a ƙasa, ta jawo gwangwanin.

"Kafin Kawu ya zo na rage miki ko goma."

Tela ta ji kalmomin nan biyu, "yau ɗaya", sun taso mata har bakin harshe, don rigunan na da yawa, kuma iyayen za su fara zuwa da hantsi. Ta miƙa hannu ta fizge gwangwanin, maɓallai suka watse a ƙasa.

"Tashi. Ɗauki akwatinki ki tsaya a waje."

"Mama, ai bai zo ba."

"Ki jira shi a waje na ce."

Auta ta tashi ta karkaɗe siket. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ce wani abu, sai ga ham ɗin Kawu daga kwanar titi. Ta ja akwatin ta fita. Tela ta raka ta da ido har motar ta sha kwana, sannan ta durƙusa tana laluben maɓallan a ƙarƙashin keke. Da ta gama tsincewa ta koma bakin ƙofa inda haske ya fi, ta lashi bakin zaren ta sake nufar allura.